Jegon Uwar Magunguna

Ku matso kusa, ku ukun. Kai na fari, da ba na kama sunanka, aje sandar tafiyar ka zauna. Ladidi, bar wankin ƙoren nan, ba aiki na kira ki daga Dayi ki yi mini ba. Aƙilu, kai da dariya ba ta yi maka wuya, riƙe ta sai na kai ƙarshe, ko da yake ni ma sai da haƙarƙarina ya yi ciwo. Maganar kawunku Maitama ce da itacen sanya.

Kun san sanya, wadda ake ce wa uwar magunguna. Da saiwarta na yi muku maganin ciwon kai kuna yara, da ita na tsare ƙafar mutane da yawa da maciji ya sara. Ina budurwa, tsakanin duwatsun Gozaki da hanyar Dayi ba ka yin nisa ba ka ji ƙamshin furenta ba. Sai fatake suka gane ana neman saiwar a Kano da Zazzau, masu tono suka shiga daji da dagi, ba mai barin ko silin saiwa a ƙasa. Guda ɗaya ta rage a wajen nan kaf, wadda ke gefen gonar babanmu, ita ma an sace rabin saiwarta. Bara ta yi 'ya'ya, na bi ƙasa ina tsinta har na tara talatin a ƙoƙo. Bana ba ta fid da ganye ba, ta bushe ƙayau. Abin da na tsinta ɗin nan shi ne sanyar da ta rage mana, mu da jikokinmu.

Ban san wanda ya kai wa kawunku labari ba. Sai ga shi da hantsi cikin babbar riga, ya ce itacen a gonar gado yake, don haka 'ya'yansa ma gado ne, namiji kashi biyu, mace ɗaya. Na ce shekara ashirin itacen na tsaye, ko hanyar wurin bai sani ba. Ya ce mu je gaban liman. Muka je, liman ya sosa gemu ya ce haka hukunci yake. Maitama ya kwashe ashirin ya zuba a aljihu, ya bar mini goma.

Na haɗiye fushi na gaya masa yadda ake yi, don ba shi nake ji ba, irin nake ji. A jiƙa a ruwan sanyi yini guda. A shuka a inda za ta zauna har tsufanta, don ba ta son dashe. Ƙasa mai yashi da tsakuwa, wadda ruwa zai wuce ba zai kwanta ba, da ɗan ruɓaɓɓen ganye kaɗan. Inuwa kuma shara-shara, rana ta same ta da safe, ta kau mata da azahar. Ya saurare ni yana murmushi irin na mai tausayi.

"Yaya, ai shi ya sa ta ƙare a hannunku," in ji shi. "Kuna ce mata uwa, kuna aje ta kan tsakuwa cikin rana. Wane ɗan halak ne zai kwantar da uwarsa kan burji? Ni zan nuna wa garin nan yadda ake riƙon uwa."

Na ce masa suna ne kawai. Ya ce ba a sa suna a banza. Na tafi da gomana gindin dutse, ƙarƙashin wani marke mai ganye kaɗan, na shuka yadda na sani, na kewaye da ƙaya.

Shi kuwa ɗaki ya gina mata. Ba rumfa ba, ɗaki, a tsakar gidansa, da zana ninki biyu da jinka, ko zaren rana ba ya shiga. Zanar ma ta makewayin matarsa Mero ya kwance, sai da ta yi kwana uku tana zuwa wanka gidana tana zaginsa. Ya kawo kashin shanu daga rugar Fulani, ya kawo kashin tattabaru, ya kawo baƙar laka daga fadama, ya kwaɓa su har ƙudan unguwa suka yi ƙaura zuwa gidansa. Ya shuka guda bakwai. Ya rataya asabari a ƙofa, ya ce uwa tana kulle, namiji baligi ba ya shiga sai shi da yake ɗanta. In zai shiga sai ya yi sallama, ya tuɓe takalma.

Rabe marini, taubashinsa, wanda katanga ɗaya ta raba su, ya leƙo ya ce a gaishe da tsohuwa, ya tambaya ko tana cin goro. Maitama ya ce ya yi ta yi, ranar da fatake suka cika ƙofar gidansa Rabe ne zai riƙe musu jakuna. Rabe ya ce zai riƙe, in jakunan sun yarda su tsaya cikin wannan wari.

Ikon Allah, guda huɗu suka tsiro. Na shiga na gani, tunda ni mace ce. Dogaye ne sirara kamar zaren abawa, farare fat, suna miƙa wuya wajen ƙofa. Na ce masa rana suke nema, ya buɗe jinkar. Ya ce ba rashin rana ba ne, hutu ne, haka fatar matar kulle take. Daga nan ya tsaya, ya dube su, ya dube ni, na ga idonsa ya yi wani haske da na san ba alheri ba ne. Ya ce uwa ta haihu. Tunda kuwa ta haihu, jego ya kama.

Na ɗauka wasa yake. Washegari na ji Mero tana kururuwa, na yo gudu ba mayafi. Na tarar ya ɗora babbar tukunya, ruwa na tafasa da ganyen runhu, ya tsoma reshe yana fyaɗa wa tsiron ruwan zafi, tururi ya cika ɗakin. A gefe ga kunun kanwa cikin ƙwarya, da yaji, yana jira a gama wanka ya zuba a gindinsu. Mero tana cewa haihuwarta shida a gidan nan bai taɓa faso mata itacen wanka ba, yau ga shi yana yi wa ciyawa hidima har da kanwa ungurnu. Kafin in kai hannu, tsiron sun kwanta kamar dafaffen rama. Rabe ya hau katanga ya tambaya ko a kira liman ne ko a kawo ƙuliƙuli a kwaɗanta.

Kawunku bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce ya gane kuskuren: wankan daidai ne, duhun ne ya yi yawa, kuma wannan laifin zanar Mero ne da ta cika kauri. Na ce ya ba ni sha ukun da suka rage, in sun yi, ya ɗauki sunan, ni ba na so. Ya ce sunan da aka ba mutum kyauta ba ya zama a kansa.

Karo na biyu ya shuka shida a cikin tukunya, da jar laka mai danƙo, tukunyar ko huji ba ta da shi a gindi. Ya fito da ita ƙofar gida. Ya ce tunda na ce inuwa shara-shara, ba mai yawa ba, ba kaɗan ba, to ba itace ko zana da za su iya auna wannan, sai mutum mai hankali. Shi da kansa zai zama inuwar.

Ladidi, da kin ga kawunki. Tun hantsi yake tsayawa kan tukunyar, ya ware hannuwa, ya baza babbar riga kamar ungulu tana shan iska. In rana ta gusa ya gusa. In ya ga kamar inuwar ta yi yawa sai ya ɗaga hannu ɗaya ya ƙirga goma ya mayar. Masu zuwa gona suka riƙa canza hanya don su biyo ta nan. Matan da ke zuwa rijiya suka riƙa aje tuluna suna gaishe shi da aiki. Wata tsohuwa ta kawo ƙwaryar nononta ta aje a ƙafarsa, ta ce ya taimaka ya raba mata inuwar kada ya yi tsami. Rabe ya raɗa masa suna Malam Inuwa, kafin la'asar gari ya ɗauka, har mai gari Ummaru da ya zo wucewa ya ce, "Sannu, Malam Inuwa," a zatonsa baƙo ne.

Aka yi ruwa kwana biyu, tukunyar ta cika ta zama tabki. Aka yi rana kwana uku, lakar ta ƙame ta tsage kamar tubali. Tsiro ɗaya ne ya iya fasa ta ya leƙo. Maitama ya ce wannan shi ne magajin gida, ya ƙara tsawon tsayuwa, ko furar rana ya daina zuwa sha. Ranar kasuwar Musawa, mutane na wucewa da kaya, yana cikin yi wa wasu baƙi bayanin yadda ya koyo wannan hikima wajen wani babban mai lambu a Zazzau, inda duk mun san bai taɓa zuwa ba, sai rana ta buga masa ka. Ya yi layi sau biyu, ya zauna daɓas a kan tukunyar. Da tukunya da laka da magajin gida duk suka zama abu ɗaya a bayan rigarsa. Da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ture shi.

Saura bakwai. A lokacin nawa huɗu sun fito a gindin dutse, ɗaya ya mutu, uku sun tsaya, gajeru, ganye kore shar, ba sa sauri. Na kai shi ya gani da idonsa. Ya ce wata biyu ko taƙi ba su kai ba, wannan ai wahala ce ake ba marayu.

Ya koma ya gyara ɗakin kulle, ya cire rabin jinkar, ya ce ya ɗauki shawarata rabi. Ƙasa kuwa ya ce shanu da tattabaru ba su da albarka, akuya ce mai cin ganyen kowane itace, don haka a kashinta magani yake. Ya share garken awakin unguwa kaf, ya zuba har gwiwa, ya binne bakwai ɗin a ciki.

Kwana biyar wurin ya yi kore. Ba bakwai ba, ba ashirin ba, sun fi ɗari. Maitama ya fito ƙofar gida yana rawa ba kiɗa. Ya ce bakwai ya shuka, Allah ya ga yadda ya girmama uwa ya ninka masa. Na shiga na tsuguna, na tsinki ganye na murza na sansana. Na tuge guda na sansana saiwar. Ita sanya ko daga bayan ɗaki aka kankare saiwarta sai ƙamshin ya same ka a hanci. Wannan ba komai.

"Maitama, filasko ne," na ce. "Awaki sun ci 'ya'yansa a daji, ka kwaso shi cikin kashinsu. Naka bakwai suna ƙasa suna ruɓewa."

"Yaya, hassada ba ta yi miki kyau da tsufa," in ji shi. "Naki uku, nawa ɗari. In ni ne ke, ni ma filasko zan ce."

Ya hana ni shiga daga ranar, ya ce kullen ya haɗa da mata masu baƙin ciki.

Kun san filasko. Ganye kaɗan ake jiƙa wa wanda cikinsa ya ɗaure, shi ma sai an ce masa kada ya yi nisa da gida. Kawunku ya bar shi ya yi kwana arba'in, ya ce a gama jego tukuna. Ranar cikar arba'in ta zo daidai da gayyar mai gari, ta noman audugarsa. Maitama ya yanke ganyen kaf, ya daka, ya dafa a tukunyar da ake dafa dawar biki, ya sa tsamiya da zuma, ya sa aka ɗauko masa har gona. Maza sun fi sittin, ga makaɗa da gangar noma. Ya ce wannan ruwan uwar magunguna ne, na farko da aka taɓa nomawa a gida tun da aka kafa Gozaki, mai sha zai nome kunya goma bai miƙe ba.

Ina wurin, mun kawo fura. Na miƙe a gaban kowa na ce filasko ne, kada wanda ya sha. Na faɗa sau uku. Mai gari ya ce Hansai, a bar maza su yi abin maza. Wani ya ce ai duk gari an san rabon gadon ne bai yi mini daɗi ba. Mai gari ya sha ludayi biyu don ciwon kansa da ya daɗe yana damunsa. Liman ya sha. Makaɗa suka sha. Maitama ya sha ƙoƙo uku yana kallona. Rabe kaɗai ya ce shi azumin nafila yake yi, alhali na ga goro a kumatunsa.

Da fari abin ya yi kyau. Ganga na tashi, garemani na walƙiya, ana kirari. Maitama na bin bayan sahu yana cewa a dubi aikin uwa. Rana ta take tsaka, aka sha fura, aka koma. Can wajen azahar sai na ji gangar ta canza murya, ta yi sauri, ta yi sauri, ta tsaya cak. Makaɗin ya aje ta a hankali kamar mai aje ƙwai, ya nufi gonar geron da ke gefe yana tafiya da ƙananan taku. Wani saurayi da ke kan gaba a kunya ya jefar da garma ya bi shi. Sai biyu. Sai biyar. Kafin a jima gonar auduga ta zama fili, garemani a zube, gonar gero kuwa sai motsi take ba iska. Muna jin murya daga ciki ana cewa a matsa gaba akwai mutum a nan. Buta ɗaya ce a gonar, ta liman, ita ma liman ya riga kowa tafiya da ita.

Mai gari ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi. Yana zaune kan buzu a gindin ɗorawa, ya haɗa gumi, ya kama carbi yana ja da ƙarfi. Maitama ya zo gabansa ya durƙusa ya fara bayanin cewa wannan alama ce maganin na korar tsohuwar cuta, ya kai tsakiyar magana sai fuskarsa ta tsaya. Suka dubi juna. Suka tashi tare. Ban taɓa ganin mai rawani da mai hula sun yi tsere kafaɗa da kafaɗa ba sai ranar, kuma mai gari ne ya ci. Mu mata muka zube a kan ƙoren fura, Mero har da birgima. Rabe ya ɗauki gangar da aka yar, ya tsaya bakin gero yana kiɗa, duk wanda ya fito ya yi masa kirari da sunan ubansa, in ya juya ya koma ya ce a dawo lafiya. Mai gonar geron ya ce bana ba ya bukatar taki.

Aƙilu, na ce ka riƙe. Yanzu aka zo wurin da ba dariya.

Bayan kwana biyu, da maza suka iya tsayuwa, mai gari ya tara mu a ƙofar gidansa. Ya rame, idanu sun faɗa. Ya tambayi Maitama me ya ba su. Ni na zaci a nan zai sunkuyar da kai. Sai ya gyara riga ya ce, ranka ya daɗe, sanya ce tsantsa, ƙarfin ƙasar da ya haɗa mata ne ya sa ta fi ta daji kaifi sau goma, laifinsa ɗaya bai rage mudu ba. Na ce filasko ne, a je a tono a gani. Aka je, ashe Maitama ya riga ya share wurin tas, ya mayar wa Mero zanarta.

Na juya ga mazan da suka sha, na ce ku manoma ne, cikinku bai gaya muku abin da kuka sha ba? Ba wanda ya dube ni. Nan na gane. In filasko ne, to maza sittin da liman da mai gari sun sha abin da kowace tsohuwa ta sani, bayan mace ta gaya musu sau uku. In kuwa uwar magunguna ce ta kayar da su, ba abin kunya ba ne, babba ce ta yi. Duk sun zaɓi babba. Rabe ya ce shi ya yarda da ni, aka ce taubashi ne, bakinsa wasa ne.

Mai gari ya yanke: tunda haka sanyar gida take, ba ya son ta a ƙasarsa. Duk wanda ya shuka ya tuge. Ya ce an gaya masa ina da uku a gindin dutse, ya ba ni zuwa Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko in tuge da hannuna ko ya aiko a tuge. Na ce in Maitama ya faɗi gaskiya fa? Mai gari ya ce in wanda ya dafa ya ce da bakinsa ba sanya ba ce, a gaban mutane, to magana ta canza.

Na je gidansa jiya. Na same shi a zaure da baƙi biyu daga Musawa, masu ɗaurewar ciki, sun ji labari sun zo neman sanya mai ƙarfi. Yana zaune ya harɗe, har yanzu da matashi a ƙarƙashinsa. Na ce kalma ɗaya nake so.

"Yaya, yanzu fa aka fara sanina," ya ce. "Ki bari su tuge. Badi sai in ba ki iri daga nawa."

To kun ji. Tsiro uku ne, tsawonsu bai kai taƙi ba, babu wasu daga nan har inda ƙafata za ta iya kai ni, kuma ba sa dasuwa balle in gudu da su. Yau Talata. Ni in na koma gidan nan da taɓarya zan shiga, shi ya sa na kira ku. Kai na fari, yana jin nauyinka. Ladidi, ke ce 'yar gaban goshinsa. Aƙilu, kai ka iya zama da mutum har ya gaji ya yarda. Ku tashi ku je ku raba mu. Ban ce ya ba ni haƙuri ba, ban ce ya biya iri ashirin da ya kashe ba. Ya tsaya ƙofar masallaci ya ce filasko, da ƙarfi, yadda na sahun baya za su ji. In kuma ya kawo muku abin sha, ku ce kun ƙoshi.